Kafin Ka Ɗora Zinariya A Kan Sikeli

Ya ku 'ya'yana, maza da mata, da wuya a sami gida a ƙasar nan tamu, komai ƙarancin abin hannun mutanensa, wanda idan aka buɗe adakar uwar gida, aka ɗaga zannuwan da ke sama, ba za a tarar da wani ɗan ƙulli a can ƙasa ba, a cikinsa kuwa ga ɗan kunne guda wanda ɗan'uwansa ya salwanta a wurin biki tun shekarun baya, ga sarƙar da goyo ya fizga ta tsinke, ga zoben da yatsa ya fi ƙarfinsa, ga awarwaron da ya lanƙwashe har ba ya sawuwa. Waɗannan abubuwa sukan kwanta shekara da shekaru ba mai tunawa da su, sai ranar da wata lalura ta taso, ta jinya ce, ko ta kuɗin makaranta, ko ta aurar da 'ya, sa'an nan a kwance ƙullin, a kira wanda ake ganin ya fi buɗewar ido a cikin samarin gida, a ce masa ya kai kasuwa. Saboda wannan ɗan aike nake rubuta nasihar nan, domin ni ma an taɓa aike na, abin da na dawo da shi kuwa har yau in na tuna sai raina ya sosu.

Gwaggona ce, Allah ya jiƙanta da rahama, ta damƙa mini irin wannan ƙulli ina saurayi, a lokacin mijinta na kwance asibiti, ta ce in sayar in kawo mata kuɗin kafin la'asar. Na shiga kasuwa, na tsaya a rumfar farko da na ga sikeli, mai rumfar ya tarbe ni da fara'a, ya kwance ƙullin, ya zuba duk abin da ke ciki a kan sikeli gaba ɗaya, ya goga guda a jikin dutse, ya ce dukkansu 'yan karat sha takwas ne, ya taya; ni kuwa, da yake ban taɓa riƙe kuɗi masu yawan haka ba, ga shi hankalina yana wurin majinyaci, ko albarka ban ce ba sau ɗaya, na sallama. Sai bayan kwanaki wani tsohon maƙeri na unguwarmu, wanda ya taɓa gyara maƙullin sarƙar da ke cikin kayan, ya shaida mini cewa 'yar ashirin da ɗaya ce, daga Makka aka zo da ita, kuma ita ce mafi nauyi a cikinsu. Da na gaya wa Gwaggo ba ta ce mini komai ba illa, "Allah ya sa haka shi ya fi alheri." Na daɗe ina ɗora laifin duka a kan mai rumfar, har yanzu ma ban wanke shi ba, gama ya ga yaro a ruɗe ya ci da ruɗewarsa, amma da shekaru suka ja na gane cewa na je gabansa ban san nauyin abin da na ɗauko ba, ban san tsarkinsa ba, ban kuma san farashin wannan yini ba, wanda kuwa ya jahilci waɗannan uku ya miƙa wuyansa ne ga tsoron Allah na mai saye, in yana da shi ya tsira, in babu shi ke nan.

To, amma tun kafin a kai ga sikeli akwai tambayar da ta riga kowace, wadda kuma na ga samari sun fi gaggawar tsallake ta, ita ce: abin nan naka ne? Domin kuwa zoben da ka tsinta a bakin famfo, ko sarƙar da ka gani a kujerar bayan mota bayan fasinja ya sauka, ko ɗan kunnen da tsintsiya ta fito da shi bayan watsewar 'yan biki, shari'a ba ta kira shi rabonka ba, luƙaɗa ta kira shi, watau tsintuwa, kuma amana ce da ta faɗo hannunka. Hausawa da kansu sun ce tsintacciyar mage ba ta mage. A cikin hadisin Zaidu ɗan Khalidu, wanda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, Buhari da Muslim su ma suka fitar, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurci mai tsintuwa da ya kiyaye siffar abin da aka ƙunshe ta a ciki da igiyar da aka ɗaure ta, sa'an nan ya yi cigiya shekara guda. Haka kuma ya umurci Ubayyu ɗan Ka'abu da cigiya sa'ad da ya tsinci jaka mai dinari 100. Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun yi sauƙi a kan abu ƙanƙani wanda rai ba ya bibiyarsa, kamar ɗan dabino ko sanda, amma zinariya, komai ƙanƙantarta, mai ita yana nan yana juya gida yana nemanta. Saboda haka sai ka sanar a inda ka tsinta, da ƙofofin masallatai, da wurin mai unguwa, da sarkin tasha in a mota ne, da gidan rediyo in hali ya yi, ba tare da ka bayyana kamanninta ba, domin kamannin nan su ne shaidar da za a gane mai gaskiya daga mai kwaɗayi. In shekara ta cika ba wanda ya zo, kana da zaɓi: ka ci gaba da ajiyewa, ko ka yi sadaka da ita a madadin mai ita, ko ka mallaka, amma a biyun ƙarshe lamuni yana wuyanka duk ranar da ya bayyana. Kada kuma ka ruɗa kanka da sunan rikazi, wanda ake fitar da humusi a riƙe saura, domin wannan hukuncin binnanniyar dukiyar mutanen jahiliyya ne, abin da Musulmi ya binne ko ya yar kuwa tsintuwa ce. Dokar ƙasa ma ba ta saɓa wa wannan ba, gama dokar Final Kod ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ta lissafta cinye abin tsintuwa da ha'inci da kuma karɓar kayan sata a cikin laifuffuka, shi ya sa ɗan kasuwa mai mutunci yakan tambayi rasit ko wanda zai tsaya maka, kai kuma bai kamata ka ji haushin tambayar ba.

Haka nan zinariyar cikin gida. Ta mahaifiyar da ta rasu gado ce, akwai haƙƙin kowane magaji a cikinta har jaririn da ke goye, ba ya halatta babban wa ya kai ta kasuwa don kawai makullin ɗakin yana hannunsa; ta matarka kuwa, ko kai ka saya mata, ta zama tata, sai da yardarta ta gaskiya, ban da irin yardar da kunya ko tsoro ke fitarwa daga baki.

Idan ya tabbata abin naka ne, ko mai shi ya wakilta ka, sai mu koma kan tsarki. Ku sani cewa zinariya tsantsa tana da laushi ƙwarai, har ba ta jure wahalar sawa da cirewa, don haka maƙera ke gauraya ta da jan ƙarfe ko azurfa domin ta yi ƙarfi, suna kuwa auna wannan gauraye da kashi 24, kowane kashi sunansa karat, wadda asalinta ɗaya da ƙiraɗin nan da malamanmu masu rabon gado suka sani, su ma 24 suke kasa dukiya. Wadda aka ce 'yar ashirin da huɗu ce, ita ce tsantsa. 'Yar ashirin da biyu tana da kashi 916 na zinariya cikin 1,000. 'Yar ashirin da ɗaya, wadda ta fi yawa a kayan da alhazai ke zuwa da su daga Makka da Madina da kuma na Dubai, 875. 'Yar sha takwas, irin yawancin kayan Italiya, 750. 'Yar sha huɗu 585. 'Yar tara kuwa, wadda ake samu a kayan Ingila, 375 kacal, watau abin da ba zinariya ba ya rinjayi zinariyar da ke cikinta. Waɗannan lambobi su ne za ka gani an buga, ƙanana ƙwarai, a jikin maƙullin sarƙa, ko cikin zobe, ko a ƙafar ɗan kunne, in idonka ya gaza kuwa ka ɗauki hotonsu da wayarka ka buɗa shi. Idan ka ga haruffan GP ko GF, to ruwan gwal ne aka shafa ko aka lulluɓa wa wani ƙarfe, kada ka sa rai da kuɗi mai yawa. Sai dai hatimi shaida ce guda, kuma akan yi na jabu, akan kuma sauya maƙulli a sa na gaske a jikin sarƙar ƙarya, ko a sa mai rauni a jikin ta ƙwarai yayin gyara.

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A sha'anin zinariya dai ido yakan sha kunya, domin tagullar da aka wanke da kyau takan fi tsohuwar zinariya sheƙi. A gida kana iya kusanta mayen ƙarfe, in ya ja abin to akwai baƙin ƙarfe a ciki, amma rashin jansa ba hujja ba ce, tun da tagulla da jan ƙarfe su ma ba ya jan su. Nauyi ya fi wannan faɗin gaskiya, gama zinariya tsantsa ta ninka ruwa nauyi sau 19 da ɗoriya, tagulla kuwa ba ta kai rabin haka ba, shi ya sa tsohuwar da ta saba takan gane da ta ɗora a tafin hannu. Gwajin da 'yan gwal suka dogara a kansa tun zamanin da shi ne na baƙin dutse: a goga abin ya bar zane, a ɗiga ruwan asid a kan zanen, in ya ɓace tsarkin bai kai ba, in ya tsaya ya kai, kuma kowace daraja da ƙarfin ruwanta. A manyan shaguna yanzu akwai na'urar da ke haska ƙarfe ta faɗi abin da ke samansa ba tare da an kankare shi ba. Ko da wanne aka gwada, ka nemi a gwada kowane guda shi kaɗai, a gabanka, idonka na kai, kada ka yarda a shige da kayanka bayan labule ko a aika yaro da su wata rumfa kai kana zaune. Kada kuma ka yarda a yanka ko a narkar kafin ciniki ya faɗa, domin wanda aka narkar masa da kaya ba shi da sauran ƙafar tashi ya ce albarka. Ina kuma gargaɗinku da kada ku taɓa gwada asid ko narkarwa a gida, ruwan nan yana cin fata, tururinsa yana cutar da huhu, ga yara suna yawo.

Awo kuwa da giram ake yi, kakanninmu miskali suka sani, wanda yake daidai da giram 4.25, nauyin dinarin shari'a ke nan. Ka ware kayanka tun daga gida, kowace daraja da ƙullinta, ka auna su a wuri biyu dabam kafin ka yi maganar sayarwa, ka rubuta abin da sikeli ya nuna har da 'yan lambobin da ke bayan ɗigo, domin a wannan haja rubu'in giram kuɗi ne na gaske. Ka dubi sikeli yana kan sifiri kafin a ɗora, fuskarsa tana kallonka, ba fanka a kansa. Mai saye zai ce a cire nauyin duwatsun ado, da dalmar liƙi, da ɗan ƙarfen da ke cikin maƙulli, wani lokaci da abin da aka cusa a cikin awarwaro mai rami, wannan kuwa gaskiyarsa ce, amma a cire da awo, kada a cire da ka. A nan akwai ƙissar da nake so ku riƙe, ta Fadalatu ɗan Ubaidu, wadda Muslim ya ruwaito: a ranar Haibara ya sayi abin wuya mai zinariya da duwatsu a kan dinari 12, da ya rarrabe su sai ya tarar zinariyar da ke ciki ta haura dinari 12, da ya faɗa wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ya hana a sayar da irinsa har sai an rarrabe. Asalin hukuncin a kan riba yake, tun da zinariya aka saya da zinariya, amma duk mai hankali zai ga wata hikima a cikinsa, cewa abin da aka cakuɗa ba a sanin ƙimarsa, kuma a cikin cakuɗar ne haƙƙin mai rauni ke ɓacewa.

Saura farashi, wanda a zamaninmu sai an yi tafiya a tambayi mutane kafin a ji ƙishin-ƙishinsa, ku kuwa Allah ya sa muku shi a aljihu. Tun daga 1919 ake yanke farashin zinariya a birnin Landan, yanzu sau biyu a kowace ranar aiki, da dalar Amurka a kan kowace oza, kuma ozar zinariya giram 31.1 ce, ta fi ozar kayan masarufi mai giram 28.35, kada a rikita ku. Daga 1934 har zuwa 1971 gwamnatin Amurka ta riƙe oza a kan dala 35. A watan Janairu na 1980 ta taɓa 850. A watan Agusta na 2020 ta haura 2,000. A watan Maris na 2025 ta haura 3,000. Na kawo wannan ne domin ku fahimci cewa abin da mahaifiyarku ta biya sa'ad da ta saya, ko abin da maƙwabciya ta sayar bara, ba ma'auni ba ne, balle ga darajar naira da ke sauyawa, kuma mai wayo yakan fara da tambayar, "Nawa aka saya?" domin ya ninka maka shi ka yi murna alhali an kwashe ka. Lissafin ba wuya gare shi. A ƙaddara, don sauƙin misali kawai, oza tana dala 3,110. Ka raba da 31.1, giram na tsantsa ya zama dala 100. Sarƙarka 'yar ashirin da ɗaya mai giram 10 tana ɗauke da zinariya giram 8.75, watau dala 875, sai ka juya su zuwa naira ko sefa da canjin wannan yini. In aka ce maka 'yar sha takwas ce ka yarda, ta koma 750, ka yi asarar 125 da kalma guda, tun ba a fara ciniki ba. Abin da ya same ni ke nan a kayan Gwaggo. Wanda ba shi da hanyar duba farashin Landan, yana iya duba nisabin zakka da hukumomin zakka ke fitarwa, wanda yake dinari 20, watau giram 85, ya raba, zai sami kimanin farashin giram, ko da yake nisabin ba kullum ake sabunta shi ba.

Sai dai adalci ya sa in gaya muku cewa wannan lissafi rufin ɗaki ne, ba wanda zai biya ku shi cif. Mai saye yana biyan haya, yana asarar wani abu a wurin narkarwa da tacewa, farashi yana iya faɗuwa kafin ya sayar, kuma ribarsa halal ce, don ita ya fito. Kuɗin ƙira da aka biya sa'ad da kayan suke sababbi shi ma ya tafi, tun da wuta ba ta san ado ba, wannan kuwa shi ne abin da ya fi ƙona ran mata, amma gaskiya ce. Farashin adalci shi ne wanda ya kusanci darajar zinariyar da ke ciki, wanda kuma aka gaya maka abin da aka rage da dalilin ragewa. Saboda haka kafin ka fito da ƙullinka, tambayi mai rumfa nawa yake sayen giram na ashirin da ɗaya yau, nawa kuma yake sayarwa. Tazarar da ke tsakanin biyun za ta nuna maka irin mutumin da kake gabansa. Ka tambayi rumfa uku aƙalla, waɗanda ba sa jin maganar juna, ka tafi da safe domin kada faɗuwar rana ta matsa maka, ka tafi da babban da ya saba, kuma ka bar lalurarka a cikinka, gama duk wanda ya ce mahaifinsa na asibiti ya riga ya karya farashin kayansa da bakinsa. Kada kunya ta hana ka cewa albarka ka ɗaure ƙullinka ka tashi. Ba rashin ladabi ba ne, al'adar kasuwa ce, kuma sau da yawa a bakin ƙofa ake kiran mutum da farashin gaskiya. Ko Mansa Musa, Sarkin Mali, da ya sauka Alƙahira a 1324 a hanyarsa ta hajji, yawan zinariyarsa bai tsare jama'arsa ba, domin malam al-Umari ya ba da labarin yadda fataken Masar suka riƙa sayar musu da kaya ninkin ba ninkin, har miskali ya faɗo daga dirhami 25 zuwa 22, shi kansa sarkin sai da ya ci bashi kafin ya koma gida.

Shari'a ba ta bar wanda bai san kasuwa ba a hannun ƙaddara. Ta hana tarbar ayari a bayan gari a saye kayansu kafin su ji farashi, ta hana ɗaga ciniki da ƙarya, ta kuma yi narko mai tsanani ga masu tauye awo, har sura guda ta sauka da sunansu, mutanen Annabi Shu'aibu kuwa kun san abin da ya hallaka su. Malaman Malikiyya sun ce galibi ba a warware ciniki don an yi wa mutum rinto a farashi in ya shiga da idonsa, amma wanda ya bayyana jahilcinsa ya ce wa ɗan kasuwa ya saya daga gare shi kamar yadda yake saye daga mutane, sa'an nan aka cuce shi, yana da ikon mayar da cinikin. Wannan ƙofa ce ta rahama, amma kada ka dogara da ita, domin kafin ka dawo da ƙara sarƙar ta riga ta zama ruwa a cikin kasko. Haka kuma in ta hannun dillaliya za a sayar, kamar yadda matan kulle suka saba, a cikinsu kuwa akwai amintattu da yawa waɗanda suka rufa asirin gidaje, to a auna kayan a rubuta kafin a ba ta, a yanka la'adarta tun farko, a kuma faɗa mata farashin da ba za a sauka ƙasa da shi ba.

Akwai kuma tarkon da masu tsoron Allah ma kan faɗa ba su sani ba, shi ne na riba. Zinariya da zinariya ba a musayarsu sai nauyi daidai da nauyi, hannu da hannu, ko da ɗaya sabuwa ce ɗaya karyayya. Abin da mata ke yi na kai tsohuwa a ba su sabuwa su yi ciko, jamhurin malamai sun hana shi. Mafita ita ce wadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya koya wa wani mai dabino na Haibara, wanda ya kasance yana ba da mudu biyu na maras kyau ya karɓi ɗaya na mai kyau: ki sayar da tsohuwar, ki karɓi kuɗinki a hannu, sa'an nan ki sayi sabuwar a inda kika ga dama, wannan kuwa ban da tsarkin addini ya fi miki riba, domin a cikin musaya ne ake ɓoye ragin tsohuwa a cikin tsadar sabuwa. Sayarwa da kuɗi ma sai hannu da hannu, tun da malaman zamani sun ba takardun kuɗi hukuncin zinariya da azurfa, saboda haka babu "bari kayan, ka dawo gobe," babu rabi yau rabi jibi. In ta banki za a biya, kada ka saki ƙullin don an nuna maka saƙo a wayar mai saye, sai ka ga kuɗin a cikin asusunka da idonka, sa'an nan ku rabu.

Ba kuma duk abin da ya tsufa ne ya cancanci wuta ba. Sarƙar da maƙulli kawai ta rasa, gyaranta kaɗan ne, kuma gyararriya tana iya samun mai so da kuɗin da ya fi na narkarwa. Zobe mai dutse mai daraja, a kai shi ga wanda ya san duwatsu kafin a ɓamɓare. Tsohon fam na zinariya na Ingila, mai nauyin giram 7.98, ɗan ashirin da biyu, yana da farashinsa sananne a duniya, wasu shekarunsa ma masu tarawa suna biya fiye da nauyinsa. In lalurar ta giram 5 ce, kada ka sayar da 20. Ka kuma sani cewa a mazhabarmu kayan adon da mace ke sawa babu zakka a kansu, amma wanda ya ragargaje har ba ya gyaruwa sai an sake zuba shi, ya koma hukuncin kuɗi, in ya kai nisabi shekara ta zagayo a fitar da rubu'in ushuri. Kai ma kuma, ya ɗana, sikelin da kake so a tsayar maka, akwai naka da za ka tsayar: in ka san awarwaron ruwan gwal ne, ko an taɓa liƙa shi da abin da ba zinariya ba, faɗa wajibi ne, ɓoyewa algus ne, ko da mai sayen bai gano ba.

Idan ciniki ya faɗa, nemi takarda mai ɗauke da kwanan wata, da siffar kowane guda, da nauyinsa, da darajarsa, da farashin giram, da jimillar abin da aka biya, da sunan mai rumfa, in da hali da shaida guda. Wannan takarda ita za ka miƙa wa wadda ta aike ka tare da kuɗinta, ita za a shimfiɗa gaban magada ranar rabo, ita ce kuma za ta tsaya maka in wani ya zo da tuhuma. Ga mai tsintuwa kuwa ta fi zama dole, domin malamanmu sun ce in ya sayar bayan cikar shekara, sa'an nan mai abin ya bayyana, to kuɗin da aka sayar su ne haƙƙinsa, ka ga ashe duk giram ɗin da ka bari aka tauye, da duk darajar da ka bari aka rage, daga dukiyar wani bawan Allah da ba ka taɓa gani ba aka rage su. Sai ka ɗauki hoton abin kafin ya bar hannunka, ka rubuta ranar da ka tsinta da wurin, da inda ka yi cigiya, ka haɗa da takardar ciniki da ƙyallen da aka ƙunshe shi a ciki, ka ajiye su wuri guda, ka kuma gaya wa mutum ɗaya amintacce a cikin iyalinka inda suke, domin mai abin yana iya zuwa bayan ba ka nan.